Gidan da Ba a Yi wa Sallama Ba

A hutun daminar da ta wuce, a fadarmu ta Maradi, wani abokinmu ya zo da kile cike da finafinai. Bayan isha'i aka ɗora shayi, aka kunna kwamfuta, muka yi ta zaɓe har muka faɗa kan wani mai suna La Nuit des morts-vivants. Mun kai mu goma a kan tabarma. Da hoton ya fito baƙi da fari sai aka fara tsaki. Mai haɗa mana shayi ya ce, "Kai abokina, wanga fim ai ya girmi babana, mi za mu kallo ciki?" Wani ya ce jinin ma baƙi ne kamar baƙin mai. Kafin a yi rabin awa mun koma mu huɗu. Amma da fim ɗin ya ƙare, mu huɗun nan ba wanda ya yi dariya. Shayi na uku ya huce a buta, ba wanda ya tuna da shi.

Tun daga ranar na kalle shi sau biyar, biyu da Faransanci, uku da Ingilishin da aka yi shi da shi, inda sunansa yake Night of the Living Dead. Ra'ayina shi ne fim ne babba da aka yi da kuɗi kaɗan, kuma girmansa ba a wajen ban tsoro yake ba. Mu da muka tashi da labarin mayu da fatalwa a bakin kakanninmu, mutum mai tafiya yana layi da hoda a fuska ba zai hana mu barci ba. Abin da ya riƙe ni magana ce: wa yake magana a cikin fim ɗin, da wane irin harshe, kuma wa aka kashe ba tare da an nemi jin muryarsa ba.

Bari in fara da yadda aka yi shi, don talaucin masu shi yana cikin labarin. George Romero, haifaffen New York a 1940, ya zo karatu Pittsburgh da ke jihar Pennsylvania, ya zauna can. Shi da abokansa suna da ɗan kamfani mai yin tallace-tallacen talabijin, na sabulu da giya da makamantansu. Sun gaji da talla, suna son fim na gaske. Sai mutum goma suka haɗa dala 600 kowanne, suka kafa kamfanin da suka kira Image Ten. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Daga baya wasu suka ƙara jari, har abin da aka kashe gaba ɗaya ya kai wajen dala 114,000. A ma'aunin Hollywood na lokacin, wannan kuɗin cefane ne. An yi ɗaukar hoto a 1967 a kusa da wani ƙaramin gari, Evans City, a makabartar garin da kuma wani tsohon gidan gona da ake shirin rushewa, shi ya sa aka bar su suka farfasa shi yadda suke so. Jinin da abokina ya raina ruwan cakulan ne, don a hoton baƙi da fari ba a bambanta su. Naman da gawarwakin ke yaga gasasshen naman alade ne da kayan ciki da wani mai sana'ar nama cikin masu jari ya kawo. Waɗanda suka sa kuɗi su ne kuma ƴan wasa: Russell Streiner shi ne Johnny, Karl Hardman shi ne Harry Cooper, yarinyar da ta fito a matsayin ƴar Cooper kuwa ƴar Hardman ce ta cikinsa. Kiɗan ma ba su da kuɗin sa a yi musu sabo, tsohon kiɗa na haya suka ɗauko.

Labarin gajere ne. Barbra da ɗan'uwanta Johnny sun je ziyarar kabarin mahaifinsu, wani mutum mai tafiyar maye ya auka musu, Johnny ya faɗi ya bugi dutsen kabari, ita kuma ta tsere zuwa wani gidan gona. Can wani baƙar fata mai suna Ben ya same ta, ya shiga toshe ƙofofi da tagogi da katako. Ashe akwai mutum biyar ɓoye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa: Cooper da matarsa da ƴarsu da aka ciza, da wani saurayi da budurwarsa. Mutum bakwai ke nan a gida ɗaya, a waje kuma matattu sun tashi suna cin rayayyu. Rediyo da talabijin suna ta kame-kame, har da cewa wataƙila wani kumbo ne da ya dawo daga tauraruwar Zara ya kwaso guba. Kafin gari ya waye shida sun mutu.

Yanzu ga inda ɗalibin harshe ya miƙe zaune. Duk duniya ta yarda wannan fim ne ya haifi zombi irin na yau, wanda ƙannenmu ke harbewa a wasannin waya. To amma daga farkon fim ɗin har ƙarshensa ba a furta kalmar zombi ko sau ɗaya ba. Ben yana kiran su "abubuwan nan", masu labarai kuma suna ce musu ghoul. Wannan kalma Balarabiya ce, gūl, aljanin jeji mai ɓatar da matafiya, mai bin makabarta. Ta shiga harsunan Turai ta hanyar fassarar Dare Dubu da Ɗaya da Antoine Galland ya yi zuwa Faransanci a farkon ƙarni na 18. Romero da kansa ya sha faɗi cewa bai ɗauki halittunsa a matsayin zombi ba, domin a saninsa zombi abin Haiti ne. Ya ce tunanin ya zo masa ne daga littafin Richard Matheson na 1954, I Am Legend, inda mutum ɗaya ya rage a duniyar da kowa ya zama mai shan jini. Ƴan jarida da masu kallo ne suka liƙa wa gawarwakinsa sunan zombi daga baya, sunan kuma ya kama.

Ita kalmar zombi tamu ce ta Afirka, ta ƙetare teku a cikin jirgin bayi. Masana suna danganta ta da nzambi ta harshen Kikongo, wato ubangiji, da nzumbi ta Kimbundu a Angola, wato kurwar mamaci. A Ingilishi an fara ganin ta a rubuce a 1819, cikin tarihin Brazil da Robert Southey ya rubuta. Amma a Haiti ta samu ma'anar da ta fi ciwo. A can zonbi mutum ne da wani matsafi ya kama kurwarsa, ya tono shi daga kabari, ya sa shi noma ba lada, ba hutu, ba tunani. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, mun san kamun maye. Matsafin sunansa bòkò ko bokor, kuma na san wani zai yi tsalle ya ce ai bokanmu ne. A yi hankali: tun shekarar farko ake koya mana cewa kamannin sauti ba hujja ba ce, kuma kalmar tasu ana kai ta ga bokono ta harshen Fon na Benin. Abin lura shi ne wannan tsoro ya tsiro ne a Saint-Domingue, mulkin mallakar Faransa inda gonakin rake suka ci rayukan bayi ba adadi kafin juyin juya halin da ya kai ga ƴancin Haiti a 1804. Bawa yana da fata ɗaya, in ya mutu kurwarsa ta koma Gine, wato Afirka. Zama zonbi shi ne a hana ka ko wannan, ka mutu kuma ka ci gaba da bauta. Don haka zombin asali abin tausayi ne. Ba ya cin kowa. Wanda ake tsoro ubangidansa ne.

Amurkawa sun tsinci kalmar lokacin da sojojinsu suka mamaye Haiti daga 1915 zuwa 1934. A 1929 William Seabrook ya buga The Magic Island, inda ya ba da labarin matattu masu aiki a gonakin rake na wani kamfanin sukari na Amurkawa, waɗanda in suka ɗanɗani gishiri sai su farka su nemi kabarinsu. Shekara uku bayan haka aka yi White Zombie, fim ɗin Bela Lugosi na 1932. Sunan kawai ya isa: baƙaƙen da ke juya injin rake a matsayin gawarwaki ado ne na bayan fage, abin tashin hankali shi ne a yi wa Baturiya haka. Wannan ma'ana ta mai biyayya ba tunani ita ce Fela Kuti ya ɗauko ya jefi sojojin Nijeriya da ita a faifansa Zombie, kuma martanin da ya samu shi ne ƙone masa gida a Fabrairun 1977. Kalmar ta je ta dawo gida da ma'anarta ta farko.

Abin da fim ɗin 1968 ya yi shi ne ya cire ubangidan. Gawarwakin Romero ba mai aiken su, ba boka, ba gona. Maƙwabta ne, galibinsu fararen fata na ƙauyen Pennsylvania, wasu da kayan barci, wasu da kwat. Tun daga nan kalmar ta manta da bauta. A darasin ma'ana muna kiran irin wannan sauyin ma'ana, mu ba da misali mu wuce, amma ni wannan misalin ya tsaya mini a maƙogwaro. An ɗauki kalmar da bayi suka ƙirƙira don faɗin abin da aka yi musu, an wanke ta, ta zama sunan dodon wasa. Sai dai kuma, abin mamaki, fim ɗin da ya jawo wannan mantuwa shi ne ya sa baƙar fata a tsakiyar gida, da bindiga a hannu, yana ba da umarni.

Duane Jones ne ya fito a Ben. A rubutun farko na Romero da John Russo, Ben direban kamiyo ne mai kaushin baki, ba a kuma faɗi launin fatarsa ba. Romero ya dage har ƙarshen rayuwarsa cewa sun ɗauki Jones ne don ya fi kowa a gwaji, ba don wata manufa ba. Na yarda da shi. Amma Jones ba direba ba ne: ya yi karatu a Jami'ar Pittsburgh da Sorbonne a Paris, malamin adabi ne. Ya ƙi furta maganganun yadda aka rubuta su, ya gyara su da kansa. Shi ya sa in ka saurari fim ɗin da Ingilishi za ka ji Ben ya fi kowa a gidan tsabtar harshe. Jimlolinsa cikakku ne, muryarsa a kwance. Akwai wurin da yake ba Barbra labarin abin da ya gani a wani gidan abinci, yana kwance teburi yana magana a hankali, kamar mai karanta darasi. A fassarar Faransancin da muka fara kallo wannan bai fito mini ba, kowa ya zama murya ɗaya ta ɗakin ɗaukar sauti. Sai da na koma asalin na ji bambancin. A sinimar Amurka ta shekarun baya, baƙar fata a fim ɗin tsoro bara ne mai zare ido, mai karyayyen Ingilishi, wanda ake sa shi gudu don a yi dariya. Jones ya san wannan sarai. Gyaran da ya yi wa jimlolinsa siyasa ce, ko da darektan bai yi niyyar siyasa ba.

A tuna kuma da shekarar. A Yunin 1967 ne kotun ƙolin Amurka ta soke dokokin da suka hana aure tsakanin baƙi da fari. A Yuli biranen Newark da Detroit suka kama da wuta. Yaƙin Vietnam yana shiga falon kowa ta talabijin, ana ƙidaya gawarwaki kowace yamma. A cikin wannan yanayi ne mai kallo ya ga baƙar fata ya mari Baturiyar da ta rikice, ya gaya wa Bature magidanci cewa ya je ya yi sarautarsa a ƙasa, nan sama shi ne shugaba, daga baya kuma ya harbe shi. Ba wanda ya ambaci launin Ben a cikin fim ɗin, ko Cooper da ya tsane shi. Shirun nan ya fi zagi nauyi, domin kowa a zauren kallo ya san abin da ba a faɗa ba.

Ba na cewa fim ɗin ba shi da aibi. Matan ciki an zalunce su a rubutu. Barbra tun daga minti na ashirin ta zama kamar kayan ɗaki, tana zaune tana kallon bango. Budurwar nan kuma ta mutu ne don rigarta ta maƙale a mota. Gardamar Ben da Cooper, sama ko ƙasa, ta yi tsawo har ta gundure ni a kallo na biyu. Wasu ƴan wasan a fili suke ba sana'arsu ba ce. Kuma ga wani abu da ba na son amincewa da shi amma dole: Cooper, matsoraci mai son kai, shi ne mai gaskiya. Ɗakin ƙasa ne mafaka. Shirin Ben na zuwa ɗibar mai shi ya ƙone saurayi da budurwa, kuma a ƙarshe shi kansa a ɗakin da ya raina ya tsira. Mun yi musu kan wannan a fada har aka kira assalatu. Abokina yana cewa, "To ka gani, iya magana ba shi ne iya shawara ba." Ban samu amsar ba shi ba.

Sai ƙarshen. Gari ya waye. Shugaban ƴan sandan yankin ya fito da ƴan sa-kai, fararen fata da bindigogin farauta da karnuka, suna bin gonaki suna harbin gawarwaki a ka kamar masu farautar zomo, suna raha. Duk wanda ya ga hotunan Birmingham na 1963, inda aka saki karnuka kan masu zanga-zanga, ya san wannan tawaga. Ben ya ji haushin karnuka da harbi, ya hau sama a hankali, ya leƙo ta taga. Wani daga nesa ya hango motsi, shugaban ya ce a nufi tsakiyar goshi, aka harba. Shi ke nan. Daga nan hoto mai motsi ya tsaya, sauran hotuna ne tsayayyu masu dishi-dishi kamar na jarida, ana jan gawarsa da ƙugiyar mahauta zuwa tarin itace, a kusa da gawar mutumin makabarta, a cinna wuta.

Ga abin da ya hana ni sakat. A duniyar fim ɗin nan, matattu suna tafiya, suna kama dutse su fasa gilashi, yarinyar Cooper ma da cokalin magina ta kashe uwarta. Abu ɗaya ne tak ba sa iyawa, magana. Harshe shi ne iyakar da ke tsakanin mai rai da gawa. Gwajin kuwa ba shi da tsada: a tsaya a ƙofa a ɗaga murya a ce akwai mutum a ciki? A wajenmu ko kangon da ka san ba kowa, sai ka yi sallama kafin ka sa ƙafa. Mutanen nan sun zo gidan da aka toshe tagoginsa da katako, alamar da ke nuna mai hankali ya kwana ciki, amma ba wanda ya yi kira. Mutumin da ya fi kowa iya magana a fim ɗin, wanda ɗan wasansa ya yi faɗa don a bar shi ya yi magana da mutunci, an kashe shi ba a ji ko kalma ɗaya daga bakinsa ba. Za ka iya cewa kuskure ne, kuma fim ɗin bai hana ka faɗin haka ba. Ni dai tambayata ita ce, kuskuren wa aka saba yi wa uzuri da sauri haka.

Romero ya ba da labari cewa a daren 4 ga Afrilu 1968, shi da Streiner suna cikin mota zuwa New York da kwafin fim ɗin a but, suna neman mai saye, sai rediyo ta sanar da kashe Martin Luther King a Memphis. An riga an gama fim ɗin, ba su canza komai ba, duniya ce ta canza masa ma'ana a hanya. Manyan kamfanoni sun ƙi shi, wasu don ba shi da kala, wasu don suna son a sauya ƙarshen ya zama mai daɗi. Suka ƙi sauyawa. Daga ƙarshe kamfanin Walter Reade ya karɓa, aka fara nuna shi a Pittsburgh ranar 1 ga Oktoba 1968. Tsarin rarraba finafinai bisa shekarun masu kallo bai fara aiki ba sai watan Nuwamba, don haka aka yi ta nuna shi da rana ga yara ƙanana. Mai sharhi Roger Ebert ya rubuta yadda ya ga zaure cike da yara a Chicago, sun shigo suna ihu da murna, suka koma tsit, wata yarinya tana kuka a kujerarta. Jaridun Amurka da yawa sun kira shi shara. Masu sharhin Faransa da Ingila ne suka fara ɗaukarsa da muhimmanci, kuma a 1999 Laburaren Majalisar Amurka ya sa shi cikin finafinan da ƙasa za ta adana.

An ƙiyasta ya kawo kusan dala miliyan 30 a duniya, amma masu shi kaɗan suka gani. Sunan farko Night of the Flesh Eaters ne. Da kamfanin rarrabawa ya sauya suna, sai aka cire allon sunan da ke ɗauke da alamar haƙƙin mallaka, aka manta ba a mayar ba. Dokar Amurka ta lokacin ta ce aikin da ya fita ba alamar ya zama na kowa. Shi ya sa kowa ya yi ta kwafa yana sayarwa, kowa ya yi ta yin nasa gawarwakin ba tare da biyan ko sisi ba, kuma shi ya sa fim ɗin ya iso kile ɗin abokinmu a Maradi ba tare da an saci kayan kowa ba. Kalmar da aka manta a allo ta talauta mutum goma, ta kuma baza zombi a duniya.

Duane Jones bai zama tauraro ba, kuma da alama bai nema ba. Ya fito a Ganja & Hess a 1973, ya ci gaba da koyarwa da jagorantar wasan kwaikwayo a New York, ya rasu a 1988 yana da shekara 51. Ba ya son ɗalibansa su riƙa kallonsa a matsayin Ben. A cikin tarihin rayuwarsa akwai layi ɗaya da na karanta sau uku: kafin ya shiga fim, ya zo nan Nijar a ƙarƙashin shirin musayar masana na gidauniyar Phelps-Stokes, ya kuma tsara wa Peace Corps darussan koyar da Ingilishi. Da na gaya wa mai shayinmu, sai ya ajiye buta ya ce, "Kai, ashe baƙonmu ne. Maido muna shi daga farko."